Ra'ayinmu: Kafin Ka Karɓi Kati, Duba Mudun Banki

Duk wanda ya tashi a ƙasar Gozaki, ko Kafur, ko wani gari daga cikin garuruwan noma da ke tsakanin Malumfashi da Funtuwa, ya san inda kuɗin tafiya ke fitowa. Daga rumbu suke fitowa. Idan aka ce wane zai tafi Makka bana, ko an ce ɗan wane ya samu gurbin karatu a Masar, ko za a kai wata gyatuma asibiti a Indiya, to, masara da waken suya da auduga ne aka loda a mota aka kai kasuwa, wani lokaci ma har da bijimin huɗa. Kuɗin nan gumin damina guda ne, ko biyu, na gida ɗungurungum. Saboda haka muka ga ya dace a wannan fitowa mu yi magana a kan wani abu da ake rainawa, alhali kuwa yana cin wannan gumi a ɓoye, watau irin la'adar da bankuna ke yanka a kan katin da matafiyi ke riƙewa idan ya ƙetare iyaka.

Iyayenmu ba a cutarsu da sauƙi a kasuwar hatsi. Manomin da ya kai kaya Dandume ba zai sallama ba sai ya dubi mudun mai awo, ya ji la'adar dillali, ya cire kuɗin mota da na 'yan dako, sa'an nan ya san abin da ya rage masa. Amma dattijon nan, da ya shiga banki, sai ya zama baƙo. A miƙo masa takarda da Turanci, a nuna masa inda zai dangwala, a ba shi kati a cikin ambulan, ya yi godiya ya fita. Galibi kuwa wanda ya rako shi ɗaya ne daga cikinmu, ɗalibi ko ƙaramin ma'aikaci, wanda aka kira musamman don an ce ya yi boko. Idan mu ma muka yi shiru, to, ina amfanin rakiyar?

Ya kamata mu fara da sanin yadda aka zo nan. An fara kashe Naira ran 1 ga Janairu 1973, kuma a 1980 Dala guda ba ta kai Naira guda ba. A wancan zamani matafiyi kan je banki da fasfo, a ba shi guzurinsa da cakin matafiya, ya sa hannu sau ɗaya a gaban akawu, sau na biyu kuma a inda zai canza. Daga 1986, da aka buɗe kasuwar gwanjon kuɗin waje, Naira ta kama gangara. A watan Yuni 2023 Babban Bankin Nijeriya ya haɗe farashin canji wuri guda, Dalar da ake lissafawa wajen Naira 460 a hukumance ta haura 1,500 a watan Fabrairu 2024. Maniyyatan wannan shekara ba za su manta ba, domin bayan sun biya kusan Naira miliyan 4.9, sai aka ce kowa ya ciko miliyan 1.9. A 2025 kuwa kujerar ta wuce miliyan 8. Idan kuɗi sun yi irin wannan tsada, kashi ɗaya cikin ɗari ma ba abin yarwa ba ne.

Shi kansa katin ya sha juyi. A 2022 bankuna da dama sun rage abin da za a iya kashewa da katin Naira a waje zuwa Dala 20 a wata, daga baya suka rufe ƙofar gaba ɗaya. A watan Fabrairu 2024 Babban Banki ya umarci bankuna su daina ba da guzurin tafiya a hannu, sai ta kati ko wata hanya ta na'ura. Alhazan 2025 sun samu sassauci, aka bar su suka karɓi nasu a hannu bayan an yi roƙo, domin yawancinsu mutanen karkara ne da ba su saba da na'urar cirar kuɗi ba. Sai a watan Yuli 2025 wasu bankuna suka sake buɗe wa katin Naira hanya, kowanne da tasa iyaka. Darasin da ke ciki shi ne, labarin da maƙwabcinka ya ba ka na tafiyarsa ta bara ba hujja ba ne bana. Sai ka taka da ƙafarka ka tambaya, a makon da za ka tashi.

Katunan da ke hannun mutane iri uku ne. Akwai katin gida, irin su Verve da AfriGo wanda aka ƙaddamar a Janairu 2023. Waɗannan an yi su ne don hada-hadar cikin ƙasa, kada mai tafiya Makka ko Turai ya dogara da su. Akwai katin Naira mai tambarin Visa ko Mastercard, wanda ke ɗiba daga asusunka na Naira, banki ya sayar maka da Dala a farashinsa duk sa'ad da ka yi ciniki. Akwai kuma katin Dala, wanda ke rataye da asusun kuɗin waje, kai ne za ka zuba Dalar tun kana gida. Ba mu ce ɗaya ya fi ɗaya ga kowa da kowa ba. Abin da muke cewa shi ne, araharsu ba a kuɗin yankar kati take ba. A jadawalin cajin da Babban Banki ya fitar na 2020, yankar katin Naira 1,000 ce, kula da katin Dala kuwa Dala 10 a shekara. Waɗannan duk ƙananan abubuwa ne, kuma su ne aka fi nuna maka. Babbar ɓarakar tana wasu wurare huɗu.

Na farko shi ne farashin canjin da bankin zai yi maka lissafi da shi. Wannan shi ne mudun banki, kuma kowane banki da nasa. Mu ɗauka, don misali kawai, Dala tana Naira 1,500 a kasuwa, ɗalibi kuma zai kashe Dala 1,000 a zangon karatu. Bankin da ya ɗora kashi 1 cikin ɗari ya ci Naira 15,000. Wanda ya ɗora kashi 4 ya ci 60,000. Bambancin Naira 45,000 ke nan a kan kaya iri ɗaya, ba tare da an rubuta wa ɗalibin kalmar la'ada ko sau ɗaya ba, domin an narka ta a cikin farashin. Mai karatu ya tambayi kuɗin buhun masara a kasuwar garinsu wannan mako, ya auna da kansa. Maganin wannan shi ne a tambayi bankuna biyu ko uku, a rana ɗaya, nawa suke lissafa Dala a kan kati. Visa da Mastercard kuma suna buga nasu farashin na kowace rana a intanet, kowa na iya dubawa ya gwada.

Na biyu shi ne canji ninki biyu. Wanda ya sayi dabino a Madina da katin Naira, za a juya Riyal zuwa Dala, a juya Dala zuwa Naira, kuma kowace juyawa tana iya zuwa da nata yanka. Mai katin Dala juyi ɗaya ya rage masa, tunda Riyal a ɗaure take da Dala tun 1986, Riyal 3.75 a kowace Dala. Haka Dirhamin Dubai yake a ɗaure da Dala. Saboda haka ga mai zuwa waɗannan ƙasashe, wanda kuma ya samu Dalarsa a farashi mai kyau, katin Dala yana kare shi daga faɗuwar Naira a tsakiyar tafiya. Amma fa a lissafa har da kuɗin da aka kashe wajen sayen Dalar da zuba ta, kada a yi gudun gara a faɗa gidan zago.

Na uku shi ne na'urar cirar kuɗi. A ƙasar waje baki biyu ne ke ci: mai na'urar yana da nasa caji, bankinka na gida ma yana iya ɗora nasa, kuma sau da yawa cajin a kan kowace cira yake, ko kaɗan ka ɗiba ko da yawa. Wanda ke zuwa kullum yana cirar kuɗin cefanen yini, shi ya fi kowa asara. Gara a ciri abin da zai isa mako guda a adana, a riƙa biyan manyan abubuwa, kamar masauki da tikiti, da katin kai tsaye.

Na huɗu kuwa tarko ne mai kama da alheri. A kanti ko a otal, na'ura kan tambaye ka ko kana so a caje ka da kuɗin ƙasar da kake ciki, ko da kuɗin katinka. Mutum ya ga an rubuta masa Dala, abin da ya saba da shi, sai ya danna da murna. To, wanda ya yi haka ya miƙa awon ga mai kanti da bankinsa, farashinsu kuwa kusan kullum ya fi muni. Ƙa'idar gajera ce: a Saudiyya ka ce Riyal, a Masar ka ce Fam, a Faransa ka ce Yuro. Ko wannan kaɗai ɗalibi ya koya wa mahaifinsa, ya fanshi kuɗin motar rakiya.

Game da katin bashi, wanda wasu bankuna ke tallata wa ma'aikata masu albashi, muna jan kunnen 'yan'uwanmu da suka fara aiki. Kuɗin da ke cikinsa ba naka ba ne. Idan ba ka biya dukkan abin da ka kashe ba kafin ranar da aka yanka, kuɗin ruwa zai hau, idan kuwa tsabar kuɗi ka cira da shi, bisa al'ada ruwan yakan fara ne tun daga ranar. Ga akasarin mutanen yankinmu maganar ma ta wuce ta lissafi, ta shafi haramcin riba. Akwai bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, kamar Jaiz da ya fara aiki a 2012 da TAJ da ya biyo baya a 2019. Sai dai rashin ruwa dabam, rashin la'ada dabam. Su ma a yi musu tambayoyin nan huɗu, kamar kowa.

Bugu da ƙari, kowace ƙasa da halinta. Tun watan Maris 2022 katin Visa da Mastercard na waje ba sa aiki a Rasha. A ƙasar Sin ciniki ya koma waya, ta Alipay da WeChat Pay, kuma sai baƙo ya haɗa katinsa da su kafin ya ji daɗin kasuwa. Mai zuwa Maraɗi ta Jibiya kuwa Sefa a aljihu ta fi masa kowane kati amfani a cikin kasuwa. Ɗalibanmu da yaƙi ya rutsa da su a Khartum a watan Afrilu 2023 sun ga ranar da bankuna suka rufe, sai abin da ke hannun mutum. Don haka kada a zuba guzuri duka wuri ɗaya. A riƙe kati biyu na bankuna dabam-dabam, a ajiye su a jaka dabam-dabam, da 'yar tsabar kuɗi da aka saya a banki ko wurin ɗan canji mai lasisi, tare da rasit. A tabbatar layin wayar da banki ke aiko da lambar tabbatarwa zai yi aiki a can, a gwada katin da ƙaramin ciniki tun ana gida, a rubuta lambar da za a kira a toshe shi idan ya ɓace. Lambar sirri kuwa ba a rubuta ta a bayan kati, ba a kuma faɗa wa wani mai taimako da aka gamu da shi a bakin na'ura.

Ba matafiyi kaɗai ke da aiki ba. Muna kira ga bankunan da ke da rassa a Funtuwa da Malumfashi, waɗanda ke cika da kuɗin manoma duk kaka, da su liƙa farashin canjin kati da dukkan cajinsu a bango, da Hausa, da boko da ajami, kamar yadda ake kafa sikeli a fili a kasuwar auduga. Muna kira ga Babban Banki da ya wajabta wa kowane banki ya nuna a saƙon da yake aiko wa mai asusu farashin da aka yi masa lissafi da shi, da abin da aka ɗora a kai. Hukumar Jin Daɗin Alhazai ta Jihar Katsina kuma, tunda tana shirya wa maniyyata bita, ta ware zama guda na koyon amfani da kati, da na'ura a gaban jama'a, kowa ya danna da hannunsa, domin ba kullum za a yi roƙo a samu sassauci ba.

Mu ɗalibai namu ya fi sauƙi, kuma ba ya bukatar izinin kowa. Hutu na nan tafe, za mu koma gida a daidai lokacin da ake sayar da amfanin gona ana kai kuɗin kujera. Kowannenmu ya rubuta tambayoyi huɗu a takarda: nawa kuke lissafa Dala yau, juyi nawa za a yi, nawa ne cajin kowace cira, kuma mece ce iyakar abin da za a kashe. Duk wanda aka ce ya raka baba ko inna banki, kada ya bari a dangwala hannu sai an amsa su, ya kuma fassara amsar da Hausa a gaban akawun. Idan amsar ba ta gamsar ba, akwai wani banki a tsallaken titi. Masu iya magana sun ce da ruwan ciki akan ja na rijiya. Gumin iyayenmu ne ya kawo mu jami'a, ƙaramin abin da za mu yi shi ne mu tsare musu shi har ya isa inda aka nufa da shi.

Allah ya kai matafiyanmu lafiya, ya dawo mana da su lafiya, amin.