Sa'ar da Ke Hannunka

Da sunan Allah muke farawa, da Shi muke neman taimako. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa. Bayan haka:

Ya ku malamai iyayenmu, da ku almajirai ƙannenmu da 'ya'yanmu, ina so in yi muku magana a kan wata cuta da ta shiga makarantunmu da masallatanmu. Ba ta sa zazzaɓi, ba ta kwantar da mutum, amma tana cinye shekarunsa bai sani ba. Sunanta gafala, watau mutum ya zamana jikinsa na nan, zuciyarsa na wani wuri. Maganata kuwa guda ɗaya ce: babu abin da Allah Ya damƙa a hannun bawa sai sa'ar da yake ciki. Wanda bai halarci sa'ar nan ba, to, bai halarci kome ba a cikin rayuwarsa, gama rayuwa duka sa'o'i ne jere da juna.

Mu fara da salla, don ita ce kowa ya sani. Farillan yini da dare raka'a 17 ne, cikinsu akwai sujada 34. Kowannenmu ya tambayi kansa da daren nan: cikin sujadar nan 34, guda nawa na san goshina ya taɓa ƙasa? Almajirin da ya karanta Ahalari ya san babin rafkanuwa, ya san ragi ƙabli ke gyara shi, ƙari kuwa ba'adi. Wannan rahama ce daga Ubangiji. Amma ku lura, sujadar ƙabli tana ɗinke zaman tahiyar da aka manta, ba ta komo da zuciyar da ta yi kabbara ta wuce Kasuwar Kurmi, ta yi ciniki, ta biya bashi, ba ta dawo ba sai da liman ya yi sallama. Mai wannan salla ya sauke farali a hukuncin fiƙihu, ba mu ce ya sake ba. Abin da ya kwaso daga cikinta kuwa, shi ya sani da Ubangijinsa.

Haka al'amarin yake a kan allo. Alƙur'ani izu 60 ne, kowane izu tumuni 8, jimla tumuni 480. Yaron da ya riƙe tumuni ɗaya cikin kwana 3, ya wanke, ya rubuta na gaba, zai kai ƙarshe cikin kwana 1440, watau shekara 4 da 'yan kwanaki a lissafin wata. Wannan tafiyar hawainiya ce, ba ta gwanaye ba. To, me ya sa muke ganin gardi ya shekara 10 bai sauke ba? Ku zauna kusa da shi ku saurara. Baki na ta maimaita aya, jiki na rangaji, ido na kan hanya. Ya biya sau 100, ba ko ɗaya da zuciya ta halarta. In ka rufe allon ka ce ya kawo, sai ya tsaya. Ruwa ne aka yi ta zubawa a kwando.

Na duba, na ga ɓarayi 3 ne ke sace wa mutum sa'arsa.

Ɓarawo na farko shi ne jiya. Yana zuwa da fuska biyu. Ɗaya ita ce da-na-sani, wadda Hausawa suka ce ƙeya ce. Mutum ya zauna yana tauna abin da ya kuɓuce masa, har na yanzu ma ya kuɓuce. Alhali tuba kanta aikin yau ce: ka yi nadama, ka bari, ka ƙulla ba ka komawa, ka mai da wa mai hakki hakkinsa, ka tashi. Ɗaya fuskar kuwa ita ce taƙama da magabata, wadda ta fi kama mu malamai. Mukan yini muna labarin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da mutanensa, ba mu lura da yadda suka riƙe lokacinsu ba. Shehu ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu a 1804, yaƙi ya biyo baya, da yunwa, da tashi daga sansani zuwa sansani, amma cikin wannan hali ya kammala littafinsa na bayanin wajibcin hijira a 1806. Ƙanensa Malam Abdullahi kuma a kan hanya yake, ya nufi gabas, ya tsaya Kano, mutanen gari suka roƙe shi, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami, ya karantar da su tafsiri. Ba su ce sai ƙura ta lafa ba. Inda sa'a ta same su, nan suka cika ta. Wanda ke son gādonsu, wannan shi ne gādon.

Ɓarawo na biyu shi ne gobe, wanda malamai ke kira dogon buri. Kun san muryarsa: sai bayan salla in fara Risala, sai kaka ta yi in koma tilawa, sai na yi aure hankalina ya kwanta, sai yara sun girma. Salla ta wuce, kaka ta wuce, furfura ta fito, littafi na nan cikin gafaka gara na ci.

In wani ya ce: ashe kana hana mu tanadi ke nan? Ba don tuwon gobe ake wanke tukunya ba? Annabi Yusufu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, bai tara hatsin shekara 7 don shekarun fari ba? Sai in ce: gaskiyarka, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Amma ka duba, yaushe ake wanke tukunyar? Yau ake wanke ta, da hannu, da ruwa. Manomin da ke noman firi a damina don rumbun baɗi yana cikin sa'arsa sarai, idonsa na kan kunya, ya san inda hauya ke sauka. Ga ma'auni mai sauƙi: in tunanin gobe ya tashe ka tsaye ka kama aiki yanzu, wannan tanadi ne, ka riƙe shi. In kuwa ya zaunar da kai kana gina gidaje a cikin zuciya, ko kana tsoron talaucin da bai zo ba, wannan dogon buri ne, ka kore shi. Kada malalaci ya fake da maganata ya ce gobe ta Allah ce ya miƙe ƙafa. Yau ma ta Allah ce, kuma a kanta za a tambaye shi.

Ɓarawo na uku sabon shiga ne, shi ne wayar hannu. Ta bazu a Nijeriya tun daga 2001, yau kuwa tana aljihun malami da gardi duka. Ban ce haramun ce ba. Da ita ake sada zumunci, da ita ake jin tafsiri, da ita almajiri ke jin muryar uwarsa. Amma ku sani, da yawa cikin abubuwan kallon da ke cikinta, masu su da talla suke samun kuɗi, gwargwadon daɗewar idonka a kai gwargwadon ribarsu. Saboda haka da gangan aka shirya su yadda in wannan ya ƙare wancan zai biyo, ba a bar maka gaɓar da za ka ajiye ba. Ina kira gare mu malamai kafin almajirai. Yaro ya durƙusa yana biya maka karatu, waya ta yi ƙara, ka ɗauka, ya faɗi wasali ba daidai ba ka ce masa wuce. Kuskuren nan zai riƙe shi, wata rana ya koya wa wasu. Taura biyu ba ta taunuwa.

Har wa yau akwai abin da ya wajaba mu faɗa a kan kanmu. Yaron da ya kwana da yunwa, zuciyarsa na ƙofar gidan da zai yi bara, ba ta kan allo. In ka doke shi don bai natsu ba, ka zalunce shi sau biyu. Uban da ya turo ɗa ba guzuri, da malamin da ya karɓi yaran da ba ya iya lura da su, su ne suka kori zuciyar yaron daga karatu. Natsuwa tana da sharaɗi, cikinsu har da ƙoshi da barci.

Wannan magana ba mu kaɗai ta dama ba. A Amurka, cikin 1979, wani malamin jami'a mai suna Jon Kabat-Zinn ya buɗe darasi na mako 8 a makarantar likitoci ta Jami'ar Massachusetts, yana koya wa marasa lafiya su zauna shiru su lura da numfashinsu da abin da ke gudana a jikinsu. Tushen hanyarsa daga mabiya Buda ya ɗauko, yau kuwa ta shiga asibitoci da makarantu a ƙasashe da yawa. Abin da suke nema sauƙin damuwa da ciwo, kuma abin nema ne. Na kawo labarin ne don almajiri ya san abin da wasu ke biyan kuɗi su koya, akwai babinsa a cikin gafakarsa, da manufa mafi nisa. Hadisi na 2 cikin Arba'una ya ɗora kyautatawa a kan bawa ya san ana ganinsa a halin da yake ciki. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 505 ta Hijira, watau 1111, da ya ƙidaya abubuwa 6 da ke raya salla a cikin Ihya'u, halartar zuciya ya sa a farko, kafin fahimta da girmamawa da kwarjini da fata da kunya. Ya kuma keɓe littafi guda a cikinsa don tsaron zuciya da yi wa kai hisabi.

To, mene ne magani? Kaji ba su barin tsakar gida muddin akwai tsaba a zube, kome korarka. Share tsabar ya fi kora. Ga abin da nake roƙonmu da shi, kuma ba ya cin ko kwabo.

Na farko, kafin kabbarar harama a tsaya gwargwadon numfashi 3, mutum ya san wace salla ce, gaban wa zai tsaya. Na biyu, waya ta zauna nesa da buzu tun daga buɗe littafi har rufe shi, ta malami kafin ta almajiri. Na uku, almajiri ya biya kaɗan da zuciya, kunnensa na jin abin da bakinsa ke faɗi; in ya farga zuciya ta tafi, ya komo da ita ba tare da fushi ba, ko sau nawa ne, don komowar ita ce aikin. Na huɗu, in mahaifinka ko matarka ko ɗanka na yi maka magana, ka ba shi fuskarka duka har ya gama, gama shi ma hakki gare shi a sa'ar nan. Na biyar, kafin barci a yi wa kai hisabi kaɗan: me na halarta yau, me ya wuce ni? A nemi gafara, a kwanta, kada a mai da hisabin wani sabon da-na-sani.

Ya ɗan'uwana mai karatun takardar nan, in ka ajiye ta akwai abin da ke gabanka, ko alwala, ko allo, ko almajiri mai jiran biyawa, ko tsohuwa mai jiran gaisuwa. Shi za ka kama, ka yi shi da zuciyarka duka. Allah Ya tashe mu daga gafala, Ya sa albarka a cikin lokutanmu, Ya sa mu cika da kyau da imani. Amin. Wassalamu.