A shata hanya kafin a raba fili

A ƙidayar 1977 mutanen Yamai ba su kai 250,000 ba. A ƙidayar 2012 sun zarce miliyan guda. Jama'a mai yawa haka dole ta nemi wurin kwana. Shi ya sa hukuma ta yi ta yanka filayen gwamnati tana rabawa, har gari ya tsallake ɗamarar itatuwan dogon yaro da aka fara dasawa a 1965 don kare birni daga iska da ƙura. Bayan itatuwan nan ne manyan unguwanni irin su Yamai 2000 da Koira Tegi suka tashi.

Bai wa talaka filin da zai gina gidansa aiki ne na alheri. Amma gida ba ya zama gida sai da hanyar zuwa gare shi. Ma'aikatu, Babbar Kasuwa da babban asibitin ƙasa duk suna tsakiyar gari. Kowace safiya ma'aikaci da ɗan lakwal da mai talla sukan kwararo kan ƴan hanyoyi kaɗan masu kwalta, kamar hanyar Filinge. Faba-faba da taksi da kabu-kabu da amalanke suna gogayya a wuri guda. A cikin unguwa kuwa, da rani yashi ke riƙe mota, da damina ruwa ke yanke titi. Idan naƙuda ta kama mace da dare, ko gobara ta tashi, wannan jinkiri yana iya cin rai.

Gwamnati ta yi ƙoƙari. An buɗe gadar sama ta Mali Bero a 2013. A kan kogin Kwara, bayan gadar Kenedi ta 1970, an ƙara ta biyu a 2011 da ta uku a 2021. Sai dai waɗannan ayyuka ba su kai ƙofar gidan mazaunin bayan gari ba.

Tun ran gini, ran zane. Kafin a miƙa wa kowa takardar fili, ya kamata a shata manyan hanyoyi biyu ko uku masu shiga unguwa, a zuba musu jar ƙasa, a haƙa magudanan ruwa. Filin da aka keɓe don lakwal, kasuwa, ɗakin shan magani ko tashar mota, kada a sake yanka shi a sayar. In waɗannan suna kusa, ba kowa ne zai riƙa tafiya cikin gari kullum ba.

Jama'a ma suna da nasu nauyi. Wanda ya ci rabin titi da katanga ko rumfa, maƙwabcinsa ya cuta, ya kuma cuci kansa. Masu unguwanni su sa ido, ma'aikatan magajin gari su tsaya kan doka ba sani ba sabo. Buɗe hanya a fili fetal awo ne da turaku kawai. Buɗe ta bayan an yi gini, sai da rushe gidaje, da biyan diyya, da hawayen iyali.