Tagar roba ba ta son soson ƙarfe

Masu sayar da tagogin uPVC, waɗanda muke kira tagar roba, sun iya talla: ba ta tsatsa, gara ba ta cin ta, ba ruwanta da fenti. Duk gaskiya ne. Abin da ba sa faɗa shi ne tana son wanki, kuma wankin nata da ƙa'ida. Wannan shirun ne ke lalata tagogi masu tsada a sababbin unguwannin Kano da Kaduna da Abuja, kuma ni a wurina laifin na mai sayarwa ne da mai kafawa, kafin a zo kan mai gida.

Daga Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu na kwaso ƙura tun daga Bodele ta ƙasar Chadi tana zuba mana. Ƙurar ta kwanta a kan firam da kan farin allon nan da ake rufe bakin kwano da shi. Hayaƙin janareta ya bi ya ɗaure ta da maiƙo, zanzaro ya yi gini a lungu, ƙadangare ya bar kashinsa. Damina ta faɗi, ruwan kwano ya gangaro ya ja baƙaƙen layuka. Haka za a shekara biyu ko uku ba wanda ya waiwaya. Sai biki ya taso ko Sallah ta matso, a kira yaro a miƙa masa soson ƙarfe da omo, wani ma ya ce a sa fetur, ai shi ba ya barin datti.

Na ga an yi wannan aikin a gidan wani maƙwabcina. A ranar firam ya yi fari fat, kowa na sam barka, amma da na shafa yatsa sai na ji kaushi inda da santsi ne. Kafin hunturu ya fita ya fi da baƙi, kuma wannan baƙin ba ya wankuwa. Sulɓin da ke fuskar robar shi ne ke hana datti kamawa. Soso ya kankare shi, ya bar ƙananan zane barkatai, ƙura ta samu wurin zama. Tinar da ake sirka fenti da ita kuwa narka fuskar robar take yi, fetur da kalanzir su kumbura baƙar robar da ke riƙe gilashi har ta saki, ruwa ya fara shiga ɗaki.

Alhali abin da ake buƙata yana cikin kowane gida. A fara kwara ruwa zalla, domin ƙurar hunturu yashi ce mai laushi, in an goge ta a bushe ita ma zane take yi. Sannan ruwan ɗumi da sabulun wanke-wanke da tsumma mai taushi. A jiƙa, a bari ya tsumu, a goge, a ɗauraye, a sake. Dattin shekara uku ba zai fita a zagaye ɗaya ba, kuma nan ne haƙurin mutane ke ƙarewa su ɗauko soso. Tsohon burushin haƙori ya isa lunguna. A ƙasan firam akwai ƙananan ramuka da ruwa ke fita ta nan. Laka na toshe su, tsinke yake buɗe su, amma mutum nawa aka taɓa nuna wa? A yi aikin da safe ko da la'asar, kada rana ta busar da sabulun a jiki.

Akwai abin da wanki ba ya magani. Ledar da ke manne da sabuwar taga, in mai kafawa ya bar ta rana ta gasa, gam ɗinta kan kama ƙam. Robar da aka yi wa rowar sinadarin titanium dioxide, wanda ke kare ta daga hasken rana, takan koma rawaya, kuma ko an kwana ana dirza ba za ta dawo fara ba. Wannan tun a shago ya kamata mai saye ya sani.

Allon bakin kwano kuma shi ya fi tayar mini da hankali, domin galibi ta kusa da shi wayar lantarki ke shiga gida. Kada a ɗora yaro kan tsani da jiƙaƙƙen tsumma a wurin. A ɗaura tsumman a doguwar sandar katako a yi daga ƙasa, nesa da wayar, in kuwa hawa ya zama dole, babba ya hau, wani ya riƙe masa tsanin.