Taurarin da ke jikin firji: Tambayar da ba a yi a kasuwar Kafanchan

Da zarar hunturu ya janye a ƙarshen Fabrairu, zafin bazara ya fara sauka a Kafanchan da Zonkwa da Kwoi da Kachia, sai ciniki ya buɗe a shagunan kayan lantarki. Mai neman fanka ko firji ko na'urar sanyaya ɗaki tambayoyi uku yakan yi: nawa ne, hos nawa ne, sabo ne ko gwanjo. Da wuya a ji ya tambayi wutar da kayan zai riƙa ci, alhali kuɗin saye sau ɗaya ake biyan sa, kuɗin wuta kuwa kowane wata yana nan tafe har ranar da kayan ya mutu.

A shekarun baya ana iya yi wa wannan sakaci uzuri, domin wuta da fetur suna da sauƙi. Yanzu zance ya sauya. An cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kuma kafin ƙarshen 2024 lita ta haura Naira 1,000 a wurare da dama. A watan Afrilun 2024 Hukumar Kula da Harkokin Wutar Lantarki ta Ƙasa, wato NERC, ta ɗaga farashin yunit ɗaya ga masu rukunin A daga kusan Naira 68 zuwa Naira 225, kafin daga baya a ɗan sassauta. Wanda ba ya wannan rukuni bai tsira ba, domin sa'o'in da kamfani bai ba shi wuta ba da janareta yake cike su, kuma yunit ɗin janareta ya fi na kamfani tsada nesa ba kusa ba. Mai sola shi ma haka: kowane wat da na'urarsa ta ƙara ci, ƙarin faranti ne da ƙarin batir.

Abin takaici shi ne maganin wannan matsala ya daɗe da samuwa a takarda. Tun a 2017 Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Najeriya, wato SON, ta ƙaddamar da tambarin taurari, daga ɗaya zuwa biyar, da ake manna wa na'urorin sanyaya ɗaki da firji. Yawan taurari shi ne ƙarancin cin wuta a kan aiki iri ɗaya. An yi shi ne domin wanda bai taɓa shiga ajin kimiyya ba ya iya kwatanta kaya biyu da ido kafin ya ciro kuɗinsa.

Ya kamata a tsaya a kan maganar hos, domin a nan ne mafi yawan masu saye suke ruɗewa. Idan ɗan kasuwa ya ce na'ura hos ɗaya da rabi ce, girman sanyin da take iya bayarwa yake nufi, wanda ya kai kimanin wat 3,500 na zafin da take kwashewa daga ɗaki. Bai faɗi komai a kan wutar da za ta ja ba. Ana gane ingancinta ne idan aka raba sanyin da take bayarwa da wutar da take ci. Wadda sakamakonta ya tsaya a 2.5 za ta ja wat 1,400, wadda ta kai 3.5 kuma wat 1,000 ya ishe ta, ga shi ɗakin da suke sanyayawa ɗaya ne. Idan aka kunna su awa 6 a rana, bambancin ya kai yunit 72 a wata. A kan Naira 200 kowane yunit, Naira 14,400 ke nan da ta fita daga aljihun magidanci ba tare da ya ƙaru da komai ba. Cikin bazara biyu ko uku rarar da ya yi murnar samu a wurin ciniki ta tafi, ta kuma ja wasu kuɗin. Araha dai ba ta ado. Na'urorin da ake kira inbata, waɗanda injinsu ke rage gudu idan ɗaki ya yi sanyi maimakon ya riƙa mutuwa yana tashi, sun fi dacewa da mai sola ko ƙaramin janareta, saboda ba sa fizgar wuta mai yawa a lokacin tashi.

Amma a Kudancin Kaduna gidajen da ke da na'urar sanyaya ɗaki kaɗan ne. Firji da firiza su ne abin dubawa, domin a gidaje da yawa jari ne. Da su matar gida take sayar da zoɓo da kunun aya da ƙanƙara, da su mai kemis yake adana insulin, da su mai kifi yake kare kayansa daga lalacewa. Firji ba ya hutu muddin akwai wuta, shi ya sa lambar da ta fi muhimmanci a tambarinsa ita ce yunit nawa yake ci a shekara. Akwai kuma wani harafi da ake rubutawa a ƙaramin allon bayansa wanda kusan ba wanda ke dubawa. Mai harafin N an ƙera shi ne domin wurin da zafi bai wuce digiri 32 ba, mai ST digiri 38, mai T kuma digiri 43. Firjin da aka yi domin kicin ɗin Jamus, idan aka ajiye shi a shago mai rufin kwano a watan Maris, injinsa ba zai samu sararin numfashi ba.

Batun ɗumama kuwa gajere ne. Sanyin Disamba da Janairu a gindin duwatsun Kagoro da Manchok ba abin wasa ba ne, kuma mutane sukan koma ga hita da ƙarfen dafa ruwa. Duk hitar da ke aiki da waya mai zafi daidai take da 'yar'uwarta: mai wat 2,000 yunit 2 take ci a awa, komai kyan kwalinta da daɗin bakin mai sayarwa. Wanda ya guji wannan tsada ya shigar da kaskon gawayi ɗaki ya rufe ƙofa da taga ya sayi hatsarin da ya fi kuɗin wuta, domin gawayi yana fitar da iska mai guba marar launi marar wari, wadda take kashe mutum yana barci.

Me ya sa tambarin bai yi tasiri ba? Babban dalili shi ne kayan gwanjo, waɗanda su ne daidai ƙarfin talaka, ba su da shi. Wasu suna zuwa da tsohon tambarin Turai mai A+ ko A++, a nuna wa mai saye a matsayin shaidar inganci. Tarayyar Turai kanta ta sauya wannan ma'auni ga firji a watan Maris na 2021, ta koma jerin A zuwa G, inda kayan da a da suke kan gaba suka gangaro tsakiya ko ƙasa. Ban da haka, firjin da ya shekara goma yana aiki, robar ƙofarsa ta saki, ba ya cika alƙawarin da aka rubuta masa yana sabo. Sannan tambarin namu da Turanci yake, a yankin da ake ciniki da Hausa, ake hira a gida da Tyap da Jju da Hyam. Sai kuma matsalar mita. Magidancin da ake kawo wa takardar kuɗin wuta ta ƙiyasi, ko ya sayi mai taurari biyar ko mai ɗaya, abin da zai biya ɗaya ne. Ba adalci ba ne a yi masa wa'azin tsimi a wannan hali.

Ghana ta bi wannan hanya kafin mu. Ta wajabta tambarin taurari, ta hana shigo da firjin gwanjo daga 2013, ta kuma haɗa da shirin rangwame ga wanda ya kawo tsohon firjinsa ya ɗauki sabo mai inganci. Wannan jarida ba ta goyon bayan a kwaikwayi haramcin a bar rangwamen. Hana gwanjo a Najeriyar yau ba tare da sauƙaƙa sayen sabo ba zai rufe shagunan masu sayarwa da masu gyara, ya bar mai zoɓo ba firji, kayan kuma su ci gaba da shigowa ta bayan fage da ƙarin tsada.

Abin da muke kira a yi bai kai haka wahala ba. SON ta fitar da aikin duba tambari daga tashoshin jiragen ruwan Legas zuwa kasuwannin da ake sayen kayan, ta kuma hukunta duk wanda ya manna na jabu, domin tauraron ƙarya ya fi rashin tauraro illa. A fassara bayanin tambarin zuwa Hausa da harsunan yankin, a watsa shi a rediyo kafin bazara. Kamfanin rarraba wutar lantarki na Kaduna ya gaggauta raba mita. Gwamnatin jiha da ƙananan hukumomi irin su Jema'a da Kaura da Zangon Kataf su fara da kansu, su sanya mafi ƙarancin taurari a cikin sharuɗɗan duk kwangilar sayen firji ko na'urar sanyaya ɗaki ta asibiti da makaranta da ofis, tun da baitulmali ne ke biyan wutar. Sashen Jami'ar Jihar Kaduna da ke Kafanchan da Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya kuma suna da malamai da ɗaliban da za su iya ɗaukar ƙaramar mitar gwaji su zauna da ƙungiyoyin masu gyaran firji, su auna abin da kowane tsohon inji yake ci a yini guda, a rubuta lambar a manna a jikinsa kafin a sake sayar da shi.