Wasiƙa zuwa ga masu awon fili a gefen birnin Kano

Ya ku 'yan'uwa masu awo da yankan fuloti, musamman na Kumbotso da Ungogo da sauran ƙauyukan da birni ya taras.

Na rubuto muku ne domin a ganina rabin tsarin garin nan a hannunku yake. An taɓa yi wa Kano tsarin shekara 20, wanda wani mai suna Trevallion ya shirya, daga 1963 zuwa 1983. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa filayen birni a hannun gwamna, ga kuma hukumar KNUPDA mai kula da tsara gari. Amma idan magada suka tashi sayar da gonar mahaifinsu, ku ake kira. Ku zo da igiya da turaku, mai unguwa ya shaida, kafin la'asar an gama. Unguwanni da dama awon igiya ne ya haife su, kuma layin da kuka ja a yini guda shi jikokin masu sayen za su bi.

Don Allah ku fara fitar da hanya kafin ku yanka fuloti ko ɗaya. Abin da aka saba shi ne a cika gona da fulotai, sai ragowar ta zama lungu. Ranar awo ba a ganin illar, domin ko'ina fili ne fetal. Sai gine-gine sun tashi, kowa ya ɗan ciro dakali, ya haƙa kwata a ƙofar gida, sannan a tarar motar kashe gobara ba ta shiga, motar kwashe masai ba ta shiga, mai naƙuda sai an tallabo ta zuwa bakin titi. Gida ana iya rushe shi a sake ginawa. Hanya kuwa in ta matse, faɗaɗa ta sai da rusau da diyya da gaba tsakanin maƙwabta. Kuma ku leƙa gonar da ke gaba. Idan kowace gona aka auna ta ita kaɗai, hanyar wannan sai ta je ta dunguri katangar waccan, mutum yana hango masallaci amma sai ya yi dogon zagaye. Ku nemi wanda ya auna ta maƙwabta, ku haɗa bakin hanyoyinku.

Sai ruwa. Awon rani yana ruɗin ido. Ku tambayi tsohon da ya noma wurin inda ruwan Agusta yake bi da inda yake kwanciya, ku bar masa hanyarsa. Kududdufin da ake ɗokin cikewa a sayar shi ne yake shanye ruwan unguwa, in aka toshe shi ɗakunan mutane ruwan zai nufa. Ku tuna kuma a ƙaramin fuloti rijiyar wani takan faɗo daf da masan maƙwabcinsa.

Magabatan da suka ja ganuwar Kano har gonaki suka kewaye a ciki, saboda ranar da za a rufe ƙofofi. Ku ma ku ware wurin makaranta da maƙabarta da taransifoma, da ɗan filin da yara za su buga ƙwallo, tun ƙasa tana da araha.

Na san mai gona fuloti yake ƙirgawa, dillali kuma la'adarsa yake hange, kuma in kun matsa ana iya kiran wani. Ku nuna musu abin da su ma suka sani: fulotin da ke bakin hanya mai faɗi ya fi na ƙuryar lungu tsada da saurin shiga. Ku zana abin da kuka auna a takarda, ku kai wa hukuma ta duba tun ba a zuba bulo ba. Filin da aka bar wa jama'a a kafa masa turakun siminti, dagaci ya sa hannu, kwafi ɗaya ya zauna wurin mai unguwa, ɗaya wurin kwamitin masallaci.