Zauren Mawaƙa: Rawar Murya a Jitar Bas Marar Ƙarafa

A wannan wata zancenmu da samari ne masu kaɗa jitar bas, da kuma iyayen da suke haƙuri da ƙuginta a cikin gida. Za mu duba irin jitar nan wadda ba ta da ƙarafa a wuya, da yadda ake koyon sa muryarta ta yi rawa, abin da Turawa suke kira bibrato.

Bari mu soma da ƙarafan, domin iyaye su san inda muka dosa. In kun dubi wuyan jita za ku ga an gicciya ƙananan ƙarafa a jere. Sa'ad da makaɗi ya danna tsirkiya, ƙarfen ne yake tsai da tsawonta, murya kuwa ta fito daidai ko da yatsa ya ɗan kauce. Shi ya sa kamfanin Fender ya raɗa wa bas ɗinsa na 1951 suna Precision, watau mai daidaito. Amma akwai makaɗan da suka ga ƙarafan nan sun takura su. Wani mutumin Amurka, Jaco Pastorius, ya ciccire na jitarsa ƙirar Fender ta 1962, ya cike gurabensu, ya shafe katakon da irin ƙaron da ake shafa wa jiragen ruwa. Faifansa na 1976 ya sa makaɗa da yawa suka bi sawunsa. A 1986 kuma Bakithi Kumalo na Afirka ta Kudu ya kaɗa irin wannan jita a faifan Paul Simon mai suna Graceland. A gare mu abin ba baƙo ba ne ƙwarai, gama goge da garaya da molo ba su da ƙarafa. Kunne da yatsa ne suke nemo murya.

To, ga inda wahalar take. Da an cire ƙarafa, yatsa ya zama shi ne ƙarfen. Tilas ya sauka a daidai wurin da ƙarfe yake a dā, ba a bayansa ba kamar yadda aka saba. Tsirkiyar bas tana da tsawon inci 34, wajen santimita 86. Kusa da kan jita, tsakanin murya da ta gaba da ita akwai kusan santimita 5, amma a tsakiyar tsirkiya ratar ba ta wuce santimita 2 da rabi ba. Ashe a can ƙasan wuya, kaucewar da ba ta kai faɗin ƙwayar masara ba ta isa ta ɓata waƙa.

Abin da muka lura da shi wurin ɗalibai shi ne, da yaro ya ji muryarsa ba ta zauna daidai ba, sai ya hau girgiza yatsa don ya rufa asiri. Kunnen da bai saba ba ya ce, kai, yaron nan ya iya! Amma mawaƙa a kan bas suke jingina. In bas yana lilo a gefen murya, masu babbar murya za su bi shi su sauka, mata su tsaya a sama, kafin a kai baiti na uku ƙungiya ta rabu biyu, ba wanda ya san mafarin abin. Saboda haka mu a ajinmu ba mu barin ɗalibi ya taɓa rawar murya sai ya iya tsai da murya cik. Gwajin mai sauƙi ne. Ya kaɗa tsirkiyar A a sake, ya bar ta tana amo, sa'an nan ya nemi wata A ta sama a kan tsirkiyar D, gurbi na 7. In ba su daidaita ba zai ji suna karo, wuu-wuu-wuu. Ya matsa yatsa kaɗan kaɗan har karon ya lafa. Na'urar daidaita murya ta cikin waya tana da amfani, amma a duba ta bayan kunne ya yanke hukunci, kada ido ya ƙwace aikin kunne.

Sa'an nan a zo ga rawar kanta. Mai jita mai ƙarafa yakan tura tsirkiya gefe, sama da ƙasa. Kada a kawo wannan hali nan. Turawar gefe ɗaga murya kaɗai take yi, ba ta saukar da ita, ga shi kuma tsirkiya mai kaushi tana kankare katako har ta yi masa kwari. Abin da ake so shi ne tsokar kan yatsa ta mirgina bisa tsawon tsirkiya, wajen kan jita ta komo wajen cikinta, ba tare da ta bar wurinta ba. Ku tuna yadda ake dangwala yatsa a takarda ana mirgina shi, to kusan haka ne. Motsin daga damtse da hannu yake tasowa, yatsa bi kawai yake yi. Babban yatsa ya jingina a bayan wuya a hankali. Wanda ya shaƙe wuyan jita kamar mai riƙe da ƙotar fartanya ba zai sami rawa ba, sai makyarkyata.

A soma da yatsan tsakiya, gama shi ne ya fi sauƙin juyawa, a kan tsirkiyar G ko D, wajen tsakiyar wuya. A nemi agogon bango mai bugun daƙiƙa, ba sai an sayi wata na'ura ba. Kowane bugu a mirgina sau 1, gaba da baya, har minti guda. In ya zauna, a koma sau 2, daga baya sau 3, sa'an nan sau 4. Da fari abin ba daɗin ji, kamar kukan motar asibiti daga nesa, kuma a nan ne yawancin samari suke gajiya su koma girgiza. Iyaye, in kun ji wannan kuka daga ɗakin yaro, kada ku ce wasa yake yi; aikin ke nan. Minti 10 kowace rana ya fi awa biyu ran Asabar. Bayan yatsan tsakiya a bi da manuni, sa'an nan sauran. Ƙaramin yatsa zai yi gardama, a bar na kusa da shi ya taimake shi. In wuyan hannu ya soma zafi a dakata, kada a yi jarumtaka.

Muryar mawaƙi takan yi rawa kamar sau 5 zuwa 7 a daƙiƙa. Bas ba ya bukatar wannan sauri, musamman a manyan tsirkiyoyi, inda E ta ƙasa take kaɗawa sau 41 kawai a daƙiƙa, kunne kuwa yana bukatar lokaci kafin ya kama ta. A can a rage sauri. A kuma tuna da lissafin da muka yi a sama: mirginar da ta yi daidai kusa da kan jita za ta ninka faɗi a tsakiyar tsirkiya, don haka in ana gangarawa sai a rage motsi.

Yaushe za a sa ta? A ganinmu, a doguwar murya kaɗai, kamar ta ƙarshen layi a waƙa mai tafiya a hankali. A bar muryar ta fito a miƙe tukuna, jama'a su ji ta su kama, kana a sa rawa a wutsiyarta. A waƙa mai sauri da ganga da tafi ba ta da wuri ko kaɗan. Yaro ya ɗauki kiɗansa a waya ya saurara washegari, zai ji da kunnensa inda ya yi yawa.

Akwai kuma roƙo ga samarin da labarin Pastorius ya shiga kansu. Jitar da ya yi wa aikin tasa ce. Ta ikilisiya kuwa da baikon jama'a aka saye ta, kada kowa ya kai mata wuƙa ko filaya. Wanda yake da tasa, yana kuma so a cire ƙarafan, ya kai wa gwanin gyaran jita, ya roƙa a cike guraben da katako mai haske domin layukan su zama masa jagora. Ya kuma sa tsirkiya mai santsi, gama ita ba ta cin katako kamar mai kaushi.