Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamnatin Jihar Kano Kan Masu Awon Ruwa



Duk lokacin da aka tada maganar ruwan Kano, hankali yakan tafi kan injuna da bututu. Ina roƙon a waiwayi ma'aikatan da ke tabbatar da ingancinsa.

A matatun Tamburawa da Challawa, mai awo ne ke ɗibar ruwa cikin kwalba, ya duba gurɓacewarsa, ya ƙayyade yawan alam da kulorin da za a zuba. Ƙa'idar ruwan sha ta Najeriya, wadda aka fara fitarwa a 2007, ba ta yarda a sami ƙwayar E. coli ko guda cikin mililita 100 ba. Haka kuma majemun Sharaɗa da Challawa na aiki da sinadarin kuromiyom, don haka dole a sami jami'in da zai auna dagwalon kafin ya gangara kogi. Hukumar kula da muhalli ta tarayya, NESREA, ba za ta iya wannan aiki ita kaɗai ba.

Matasanmu na kammala ilimin sinadarai da na ƙwayoyin cuta a Jami'ar Bayero, Makarantar Koyon Tsafta kuma na yaye duba-gari. A buɗe musu guraben aiki, a tura su ƙaro ilimi a Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa da ke Kaduna, a wadata ɗakunan gwaji da kayan aiki. A kuma riƙa bayyana sakamakon awo duk wata, har da na rijiyoyin burtsatsen da 'yan garuwa ke ɗiba.

Albashin mai awo bai kai kuɗin jinyar unguwa guda ba idan kwalara ta ɓarke.

Wassalam,
Wani mazaunin Kano